Man Gyaɗa a Bakin Wuta

Ranar sadakar uku ta Baffanku Iliya, ina zaune a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, sai na ji ɗaya daga cikinku yana yi wa abokinsa bayani a bayana. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Ya sassauta murya, da alama yana zaton tunda idona ɗaya ne to kunnena ma ɗaya ne, ya ce ai marigayin nan shi ne ya yi sanadin idon Baba, amma Baba ya yafe masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yunƙura zan juya in wanke shi da mari a gaban jama'a. Abin da ya zaunar da ni shi ne na tuna yaron bai ƙirƙiri komai ba. Abin da ya tashi ya tarar ana faɗa a gidana ne ya maimaita, ni kuma shekara da shekaru ina ji ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Don haka wannan babin na yayana ne, kuma ina so ku karanta shi a tsanake, ku da 'ya'yansa.

Mu maƙera ne, kun sani, ko da yake babu ɗayanku da ya taɓa riƙe masaba. Maƙerar kakanku tana ƙauyenmu a kan hanyar Zango, rumfar kara ce da hayaƙi ya rine ta baƙi ƙirin. Garma da fartanya da lauje da gatari yake ƙerawa ya kai kasuwar Mai'adua, har mutanen Nijar sukan tsallako su nemi nasa da suna. Yana da ƙa'ida guda da ban taɓa ganin ya karya ba: aiki ba ya fita daga maƙerarsa a bushe. A jikin ginshiƙin rumfar akwai wata 'yar kwalba ta man gyaɗa a rataye, da gashin kaza a tsome a ciki. In ya gama ƙira, ko da basilla ce, sai ya zauna ya bi ta da mai lungu-lungu, ya goge da tsumma, sannan ya miƙa wa mai ita da hannu biyu. A wurinsa busasshen ƙarfe tsatsa yake kira, kuma miƙa wa mutum shi a haka raini ne. Yaya Iliya ɗan fari ne, saboda haka Baba, wato kakanku, ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya ma kallonsa sosai in da mutane. “Wancan” yake ce masa. Da Yaya ya bar uwar maƙera ya koma cikin Daura ya buɗe shagon walda da gyaran lagireto kusa da tasha, sai sunan ya ƙaru ya zama “wancan mai liƙe-liƙen”. Ni kuwa ƙarami ne a maza, ni aka kai boko, kuma tun ina aji uku Baba yake tsokanata da Malam Badamasi har sunan ya bi ni.

A shekarar da nake ba ku labari ina aiki a ɗakin gwaji na wata jami'a, tafiyar yini guda daga gida, a ƙarƙashin wani farfesa da ya dawo daga waje da buri fiye da kayan aiki. Burinsa shi ne mu kunna lesa mai aiki da gas. Lesa haske ne da ake tattarawa ya tafi a miƙe siriri, ba ya bazuwa kamar na fitila. Irin tamu tana samun ƙarfinta ne daga haɗuwar iska biyu, haidurojin da fulorin. Ana turo su da gudu ta cikin wani ɗan ƙarfe mai ƙananan huji, su gauraya a cikin akwatin da famfo yake zuƙe iskarsa ba tsayawa. A daidai inda suka haɗu suke sakin haske, sai madubai biyu masu fuskantar juna su riƙa mayar da shi gaba da baya har ya yi ƙarfi ya fito ta gefe ɗaya. Dole iskar ta yi ta wucewa, tana tsayawa hasken ya mutu. Shi kansa hasken ido ba ya ganinsa, sai dai mu ajiye bulo a gabansa mu jira tabon ƙuna. Fulorin kuwa muguwar iska ce, ba ta shiri da maiƙo ko kaɗan. Ko zanen yatsa ta tarar a cikin bututu tana iya kama shi da wuta, shi ya sa kowane ƙarfe sai an wanke shi da sinadari an busar kafin a ɗaura.

Sau ɗaya tak muka ga tabon nan, ɗan baƙin ɗigo bai kai ƙwayar gero uku ba. Farfesa ya ɗauki bulon ya ɗora a kan teburinsa, duk wanda ya shigo ofis sai an nuna masa. Mako biyu bayan haka ɗan ƙarfen mai huji ya tsage. Daga waje aka kawo shi, kafin wani ya iso sai an yi watanni, ga shi an ce manyan baƙi suna tafe su duba ko aikin ya cancanci a ci gaba da shi. Ni ne na ce ina da wanda zai ƙera mana. Farfesa ya zare tabarau ya tambaye ni ko a Daura nake nufi, na ce masa a Daura. Ina so ku sani ba kishin ilimi kaɗai ya tura ni ba. So nake a ce ɗan maƙera ne ya ceci aikin, kuma so nake Baba ya ga bokon da ya raba ni da masaba ya dawo ya durƙusa a gaban sana'ar gidanmu.

Na isa ƙauye na shimfiɗa masa zanen a kan tabarma. Ya goge hannu a jikin walki, ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

“Wannan kuma mene ne, Malam Badamasi?”

“Baba, iska biyu ce take bi ta nan, su haɗu a gaba su ba da wuta.”

“Af, ai bakin wuta ne. Abin da nake murzawa da laka in sa a gaban zugazugi, shi kuka zana da wannan uban lambobin?”

“Kusan haka ne, Baba. Sai dai tamu wutar ba a ganinta.”

“Ba a ganinta. To tana narka ƙarfe?”

“Tukuna dai. Ta ƙona bulo.”

“Allah ya kyauta. Shekara nawa kana boko, ashe bulo ka ƙona.”

Ya yi dariya har ta zame masa tari. Da ta lafa sai ya sake duban zanen, ya sa farce a kan layin hujin ya bi shi har ƙarshe.

“Da jan ƙarfe za a yi? Wannan ba aikina ba ne. Kai wa wancan, shi ke da injin huji.”

Wanda bai san Baba ba zai ɗauka korata ya yi. Ni na san daga bakinsa wannan yabo ne, kuma da na maimaita wa Yaya maganar sai da ya sa na sake faɗa.

Kwana tara Yaya ya yi a kan aikin nan, ya sallami duk direban da ya kawo masa lagireto. Oga Emeka, mai shagon kayan gyaran mota da ke jikin nasa, shi ya nemo masa haƙoran huji daga Kano, sirara kamar allura, kuma Yaya ya karya da dama kafin hannunsa ya saba da su. Ya huda layi biyu, ya liƙa bututu biyu a baya inda iska za ta shigo. Da ya gama sai ya gwada shi yadda yake gwada lagireto: ya toshe hujin, ya tsoma shi a bokitin ruwa, ya yi ta bugun famfon keke har gumi ya jiƙa masa riga. Ko kumfa ɗaya bai fito ba. Tun ranar farko na gaya masa maganar maiƙo, ya kuma riƙe ta, har sabulu na musamman ya ajiye a shagon. Na wanke ƙarfen da sinadarin da na zo da shi, na busar, na naɗe a sabuwar leda, na ƙulle a farin ƙyalle. Yaya na gaya wa don shi yayana ne, ana iya gaya masa. Baba kuwa ta yaya zan zauna in koya masa yadda ake sallamar ƙarfe? Ban ma ga dalili ba, tunda ba shi ya ƙera ba.

Ana gobe zan koma muka tafi ƙauye mu nuna masa. Na kwance ƙyallen na riƙe abin a cikin ledarsa, ya matso da fuska ya duba gaba da baya. Abin da ya ce kawai shi ne hujin sun miƙe. Yaya yana tsaye jikin ginshiƙi, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi. Na mayar da ƙullin cikin jaka na bar ta a zaure. Da safe na zaga dangi sallama, kun san yadda take, gidan goggo a ce sai ka sha koko, gidan kawu a ce sai an yi maka addu'a. Na dawo na tarar Inna ta cusa mini ƙuli-ƙuli da yaji a jakar. Yaya ya goyo ni a babur zuwa tashar Daura. Sai da mota ta cika, direba ya tayar, sannan ya leƙo ta taga.

“Badamasi.”

“Na'am, Yaya.”

“Abin nan, in ka isa ka ƙara dubawa.”

“Haba Yaya, ai mun gwada shi a ruwa, ko kumfa ɗaya bai yi ba.”

“Na sani. Ka dai ƙara dubawa.”

Na ɗauka fargabar mai sana'a ce da ke sallamar aikinsa zuwa inda bai taɓa zuwa ba. Na ɗaga masa hannu, motar ta ja.

Dokar ɗakin gwajinmu a rubuce take a bango: duk ƙarfen da zai haɗu da fulorin a nan ɗakin ake wanke shi, wanda ya wanke ya sa hannu a takarda. Na kwance ƙullin na ga abin yana sheƙi fiye da yadda na san shi, na kuma ji ƙamshin gyaɗa. Na ce a raina ƙuli-ƙulin Inna ne ya kama ledar. Baƙi saura kwana biyu, wanki da busarwa kuma suna cin yini guda cur. Farfesa ya leƙo ya tambaya ko an wanke, na ce da hannuna na wanke shi. Ba ƙarya na yi ba, amma na san ba abin da yake tambaya ke nan ba. Na sa hannu a takardar. Akwai kuma wani mataki da ake sakar wa sabon ƙarfe fulorin kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i har ya saba da ita, shi ma na gajarta shi. Wannan duka ni na yi, babu hannun kowa a ciki.

Da hantsi muka fara. Famfo yana ruri, Farfesa yana wajen tukwanen gas yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunansu, ni ina gefen akwatin. Akwai wata 'yar taga ta gilashi a jikinsa, ta nan ake hango wani ɗan ja-ja mai laushi in iskar ta gauraya daidai. Gumi ya rufe mini tabaran kariya, na ɗage shi zuwa goshi na sunkuya. Abin da na gani ba ja-jan nan ba ne. Wuta ce rawaya tana tartsatsi daga kowane huji, da baƙin hayaƙi. Kafin in ɗago gilashin ya tarwatse. Abin mamaki, ƙamshi na fara ji kafin zafi, ƙamshin soyayyen man gyaɗa, irin na tsakar gidanmu ranar da Inna take tuyar ƙuli-ƙuli. Ina kwance a ƙasa hannuna a fuska, kwalbar nan da gashin kazar suka zo mini a rai, na san komai tun kafin wani ya gaya mini. Farfesa ya rufe gas, ya jawo ni zuwa famfon ruwa, ya danne kaina a ƙarƙashinsa ina ihu ina ture shi bai sake ni ba. Likita ya ce da bai yi haka ba da idon hagun ma ya bi na dama. Ba wanda ya ji rauni sai ni, wannan kam na gode wa Allah a kansa.

Rana ta uku Yaya ya iso asibiti da ƙurar hanya a jikinsa. Ya yi mini sannu, ya zauna a ƙasa kusa da gadon duk da ga kujera. Na jira har ma'aikaciyar jinya ta fita.

“Baba ne, ko? Ka gan shi, Yaya?”

“Na gan shi.”

“Yaushe?”

“Da ka tafi sallama. Na shigo zaure na tarar ya kwance ƙullin, yana bin hujin ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza. Yana yi yana faɗa shi kaɗai, wai yaran yanzu ba su san ladabin ƙarfe ba, za a kai aikin gidansa har jami'a a bushe.”

“Kuma ba ka ce komai ba?”

“Ta ina zan fara, Badamasi? Aikin gidansa fa ya ce. Tun da nake bai taɓa ɗaukar abin da na ƙera ba. Ranar da ya ɗauka sai in ce masa ya ajiye?”

“To a tasha fa?”

“A tasha na so in faɗa. Sai na ji kamar ƙarar uba zan kai. Na ce ai ya goge da tsumma, kuma ku can kuna da naku wankin.”

“Da ka buɗe baki, da yanzu ina da ido.”

“Haka ne,” in ji shi.

Bai kare kansa ba, bai kuma tambaye ni ko mun yi namu wankin ba, alhali ita ce tambayar da ta dace. Ni ma ban taimaka masa da amsarta ba. Na juya fuska bango na bar shi a zaune har aka zo aka ce lokacin ziyara ya ƙare.

Jami'a ta kafa kwamiti. A gabansu na faɗi gaskiyar da ta shafe ni, cewa ban wanke ƙarfen a ɗakin gwaji ba kuma na sa hannu. Ba su tambayi inda man ya fito ba, ni ma ban kai su can ba. Aka kulle ɗakin, aka kwashe tukwanen gas, baƙin da ake jira ba su ma zo ba. Farfesa bai taɓa gaya mini magana mai zafi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo, don aikin rayuwarsa ne na rufe da sa hannu ɗaya. Na ajiye aiki da kaina. Ranar da na je kwashe kayana na tsinci bakin wutar a kwandon shara, fuskarsa ta ƙone ta yi baƙi, na ɗauka na jefa a jaka.

A ƙauye na tarar maƙerar cike da masu jaje. Baba ya dubi bandejin da ke fuskata sau ɗaya, bai sake ba. Da gaishe-gaishe suka lafa sai ya yi tambayar da nake tsoro tun daga asibiti.

“Me ya fashe?”

“Gilashi ne, Baba.”

“Gilashi ba ya fashewa haka kawai. Me ya kai wuta inda ba a so?”

Na dube shi. Tsohon nan ya ba wa saba'in baya, duk abin da ya mallaka a duniya sunan hannunsa ne. In na ce mai ne, to a gaban mutanen garinsa na ce masa ladabin da ya yi shekara hamsin yana yi wa ƙarfe shi ya cire wa ɗansa ido. Ina cikin wannan sai murya ta fito daga jikin ginshiƙi.

“Liƙin da na yi ne ya saki, Baba.”

Baba bai waiwaya ba. Ya ɗauki awartaki ya gyara gawayi.

“Na sha faɗa,” in ji shi, “liƙe-liƙe ba ƙira ba ce.”

Jakata tana gefena a lokacin, bakin wutar yana ciki, liƙinsa biyu garau kamar ranar da aka yi su. Da na zura hannu na fito da shi da magana ta ƙare. Ban yi ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa don in rufa wa tsoho asiri ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ga sauran gaskiyar, wadda ta fi wuyar rubutawa: ƙaryar Yaya ta rufe ni ni ma. Daga ranar babu wanda ya sake tambayar ko na yi sakaci. Na zama wanda aka cuta, kuma na ji daɗin zaman.

Kafin mako ya zagayo labari ya isa tasha. Direba ba ya son jin cewa liƙin mai gyaransa yana saki, balle liƙin da ya cire idon ƙaninsa. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke lagiretonsu suka kai gaba. Mutumin da ya huda jan ƙarfe da haƙori kamar allura ya koma facin bokiti da ƙafar kujera. Oga Emeka kaɗai ya ci gaba da turo masa aiki, yana cewa shi da idonsa ya ga gwajin bokiti kuma ba wanda zai gaya masa wani labari. Mahaifiyarku ta ɗauke ƙafa daga gidan, ba ta hana ku zuwa da baki ba amma kun san sau nawa aka aike ku can da abincin salla. Ni na samu koyarwa a makarantar sakandare a nan Daura, ina bi ta shagon in gaishe shi, mutane suna nuna ni suna cewa ga mai haƙuri, ga mai zumunci. Ina karɓar yabon ina cewa ai ƙaddara ce. Shi kuma kullum sai ya tashi ya ba ni bencinsa, ya tambayi idon ko yana damuna da rana.

A damina ta uku bayan abin na karɓi wani yanki na gonar gidanmu, na je na roƙi Baba ya ƙera mini fartanya. Ina zaune ina yi masa zuga sai idona ya kai kan kwalbar. Ƙura ta rufe ta, man ya kafe a gindi, gashin kazar ya sandare. Daga baya Inna ta gaya mini ya fi shekara rabonsa da ita, har masu saye suna ƙorafi. Ta ce wata rana ya je Daura, ya dawo yana ba da labarin wani mai walda da ya ga yana zazzaga wa wani mutum masifa don ya kai hannu mai maiƙo kan tukunyar gas. Ta ce labarin ya tsaya masa a tsakiya bai ƙarasa ba, kuma ranar bai ci tuwo ba. Ni a lokacin ban san wannan ba. Na dai ga ya gama fartanyar, ya tsoma ta a ruwa, ya sa mata ƙota, ya juya ta a hannu ya daɗe. Sannan ya miƙo mini ita da hannu biyu, a bushe.

“Ka kai wa Iliyasu ya shafa mata mai,” in ji shi. “Hannunsa ne mai kyau.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar. Na karɓa, shi kuma ya juya ya ci gaba da kwashe toka. Na hau babur na tafi Daura da fartanyar, na tarar da Yaya yana facin wani tsohon baho. Na miƙa masa, na maimaita maganar kalma da kalma. Wannan karon bai ce in sake faɗa ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora fartanyar a cinya, ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babban mutum ya yi ba. Da ya natsu ya aika aka sayo man gyaɗa, ya bi ta da shi lungu-lungu.

Baba bai taɓa faɗar maganar a gaban mutane ba, kuma da rani ya zo Allah ya karɓi abinsa. Ban san ko kasawa ya yi ba, ko gani ya yi in ya tona ya watsa wa 'ya'yansa abin da suka yi dominsa a fuska. Ba ni da bakin da zan yi masa hukunci. Bayan arba'in na sami Yaya na ce yanzu kam lokaci ya yi da zan faɗa wa mutane.

“Ka faɗa musu me? Sun riga sun saba da nawa laifin. Ka bar tsoho ya kwanta da sunansa.”

“Kai fa, Yaya? Naka sunan fa?”

“Ni ai ya kira shi.”

Na ce to. Na yi saurin cewa to ɗin nan, kuma na san dalilin saurin. Haka muka ci gaba har ya tsufa a kan bencin nan, har ranar da muka kai shi makwancinsa, mutanen tasha suna cewa Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai hannun.

Yau na saɓa masa, kuma in mun haɗu zan ba shi haƙuri. Mu uku muka yi kuskure a kan ƙarfen nan. Baba ya shafa mai don bai sani ba, kuma ni na hana shi sani. Yaya ya gani ya kasa faɗa. Ni na ji ƙamshi, na ga sheƙi, an ce mini in ƙara dubawa, doka tana rubuce a gabana, na sa hannu. Ku auna da kanku ku ga wanda ya fi nauyi, sannan ku tuna wanda ya ɗauka. Na karanta wa mahaifiyarku waɗannan shafukan kafin in ba ku. Ta tashi ta yafa mayafi ta tafi wurin matar Yaya, kuma ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Bakin wutar yana cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, a naɗe cikin farin ƙyallen nan. Kai da ka yi magana ranar sadaka, kai nake so ka ɗauke shi ka kai wa Nura, babban ɗan Baffanku, a shagon ubansa. Ka ce ya fito da bokiti bakin titi lokacin da tasha ta cika, ya kira tsofaffin direbobin da suka rage, ya toshe hujin ya tsoma shi a ruwa ya buga famfo a gabansu. Kada ka ji tsoron abin da zai fito. Na gwada da kaina makon jiya a bayan gida, na yi ta bugu har hannuna ya gaji. Ko kumfa ɗaya bai yi ba.